Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Abin da Tsofaffin Taswirori Ke Faɗa Game da Ƙasar Batsari da Safana

 

 

Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan yadda ake amfani da tsofaffin taswirori wajen gane sauyin da ƙasar karkara ta yi, kuma na zaɓi in tsaya a kan Batsari da Safana. Dalilina shi ne, a duk Jihar Katsina da wuya a sami yankin da fuskar ƙasarsa ta juya sau da yawa kamar wannan. Inda yake gari ya koma daji, dajin ya koma gona da makiyaya, yau kuma muna kallon wasu gonakin suna komawa saura, wasu ƙauyukan suna komawa kufai. Duk rigimar da ake yi a kan gona da burtali da mashaya tana komawa ne ga tambaya ɗaya: a da, mene ne a wannan wuri? Manomi yana da amsarsa, makiyayi yana da tasa. Abin da nake so in tabbatar muku a yau shi ne akwai shaida ta uku, tana kwance a ɗakunan ajiya a Kaduna da Abuja da ƙasashen waje, kuma lokaci ya yi da za a kirawo ta ta yi magana a gaban dattawan da suka san ƙasar, tun suna raye.

Dajin da yaƙi ya shuka

Yaran da aka haifa a shekarun nan, in an ce Dajin Rugu, gani suke yi tun fil'azal haka yake. Tarihi bai yarda da wannan ba. Bayan da masu jihadi suka karɓi Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya hau, tsohon gidan sarauta ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Daga nan yammacin Katsina ya zama bakin daga. Mutanen ƙasar Ruma suka tsinci kansu tsakanin masu iko biyu, kowanne yana neman biyayyarsu. A zamanin Sarki Siddiku, wanda ya yi mulki daga 1835 zuwa 1844, garuruwan wannan yanki suka goyi bayan Ɗan Mari na Maraɗi, aka murƙushe tawayen da tsanani, garuruwa da dama suka watse. Gonakin da aka gudu aka bari su ne itatuwa suka rufe. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981, kuma ina roƙon kowane ɗalibi a nan ya neme shi.

A nan ne taswira ta fara shigowa. A watan Maris na 1853, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa wajen Sarkin Musulmi, cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Ya bi ta Kuraye da Kurfi, ya sauka a Zakka, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Safana. Daga Zakka suka ratsa daji cikin gaggawa da fargabar mayaƙan Gobir, suna wuce kufan garuruwa, har suka fita Bunka da Zurmi. Barth mutum ne mai rubuta sa'ar da ya tashi da sa'ar da ya sauka da inda ya fuskanta, kuma da waɗannan bayanai August Petermann ya zana taswirorin da suka fito a littattafansa guda 5 a 1857 da 1858. Wanda ya ɗora wannan hanya a kan taswirar yau zai ga abu biyu: garuruwan da suka tsira masu ganuwa ne ko masu jingina da duwatsu, kuma tazarar da ke tsakaninsu, wadda ake kira daji, cike take da alamun zaman mutane.

Kada kuma a ɗauka zanen ƙasa Turawa suka kawo mana shi. A 1824, da Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashensa da hanyar kogin Kwara, aka buga ta a Landan a 1826. Fatake da mahajjata da makiyaya kuwa, taswirarsu tana cikin kansu: zango bayan zango, rijiya bayan rijiya.

Zamanin safiyo da haraji

Turawa sun shiga Katsina a 1903, Sarki Muhammadu Dikko ya hau a 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi suna kafa alamun iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, suka raba Katsina da Maraɗi a takarda, ko da yake ba su raba dangi da kasuwa ba. Da yaƙin Katsina da Maraɗi ya ƙare, mutane suka fito daga cikin ganuwa da kan duwatsu suka bazu cikin daji suna sassabe, ana kafa tunga da unguwa. Fulani makiyaya suka ƙaru, garkensu yana farfaɗowa daga annobar shanu da ta share dabbobi wajen 1890. Sarautar Hakimin Batsari har yau ita ce Sarkin Ruma, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa cibiyar ƙasar ta taɓa zama a wani wurin kafin ta dawo inda take yanzu.

Gwamnatin Turawa da En'e sun auna ƙasa ne domin haraji da jangali. An rarraba ƙasar Katsina gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya koma ƙasarsa ya zauna. Di'o yakan zagaya ya rubuta rahoton kimanta haraji, ya lissafa ƙauyuka da magidanta da dabbobi da kasuwanni, sau da yawa ya haɗa da zanen gundumar da hannunsa. A Lardin Kano, wanda Katsina take cikinsa har 1926, an yi amfani da malaman taki masu auna gona da ƙafa. Katsina ta koma ƙarƙashin Zariya a 1926, ta zama lardi mai zaman kansa a 1934. Ina faɗin waɗannan shekaru ne domin mai bincike ya san cewa takardun Ruma da Safana ba a kundi ɗaya suke ba. A Ɗakin Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna sai ya duba na Katsina, ya duba na Kano, ya duba na Zariya.

Sai kuma taswirorin gandun daji. Dokokin daji na 1916 da 1937 sun ba hukuma damar keɓe daji, kuma ba a keɓe gandu sai an bayyana iyakarsa a rubuce: daga wannan dutse zuwa wancan rafi, daga turke zuwa turke. Akan kuma rubuta haƙƙin da aka bar wa mutanen kewaye, kamar ɗiban itacen wuta da ciyawa da bin hanya da shayar da dabbobi. Bayan samun 'yancin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965, kuma makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, wadda Runka take bakinta, tana cikin na farko-farko da aka gwada wannan tsari a kansu, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Amurka, aka yi madatsun ruwa da wuraren kula da lafiyar dabbobi. Duk aikin da ya kai wannan girma yana da taswirarsa. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, mutum nawa ne a cikin masu yanke hukunci a kan wannan daji a yau suka taɓa ganin ta da idonsu?

Ido daga sama

Daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma zana taswira daga hotunan jirgin sama. Ma'aikatar safiyo ta Tarayya, tare da hukumar safiyon ƙetare ta Ingila, sun fitar da taswirori masu ma'aunin 1:50,000 da 1:100,000. A ma'aunin farko, santimita 2 a takarda daidai yake da kilomita 1 a ƙasa. Irin waɗannan taswirori suna nuna gari da unguwa, hanyar mota da turba, rafi da fadama, dutse da iyakar gandu. Hotunan da aka zana su daga gare su sun fi su daraja, domin a hoto ana iya ƙirga itatuwan gona ɗaya-ɗaya, ana ganin shingen burtali, ana ganin da'irar tsohuwar ganuwa ko da ta rushe.

Akwai wata taska da mutane kaɗan suka sani. Daga 1960 zuwa 1972 Amurka ta yi ta ɗaukar hotunan duniya a asirce da taurarin leƙen asiri na Corona, ta saki hotunan ga jama'a a 1995, kuma mafi kyawunsu suna nuna abin da bai wuce mita 2 ba. Wannan zamani ya yi daidai da shekarun da aka kafa makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, kafin farin 1973. Daga 1972 kuma tauraron Landsat ya karɓa, tun 2008 hotunansa kyauta ne ga duk mai intanet. Daga 2015 ga Sentinel na Tarayyar Turai. Ma'ana, ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma yana iya jera fuskar ƙasar Batsari ta sama da shekara 50 a kan kwamfuta ɗaya, da manhajar QGIS wadda ba a biyan ko sisi a kanta.

Yadda ake aikin

Aikin yana da matakai, kuma kowanne yana buƙatar haƙuri. Da farko a ɗauki hoton tsohuwar taswira da na'ura, a shimfiɗe, ba tare da lanƙwasa ba. Sannan a nemo wuraren da ba sa motsi waɗanda suke a tsohuwar taswira da sabuwa: kan dutse, gada, kusurwar ganuwa, mahaɗar manyan hanyoyi. Da su ake ɗaure tsohuwa a kan sabuwa har su zauna daidai. A yi hattara da rafi, domin koguna irin su Bunsuru da Gada masu yashi ne, gaɓarsu tana ci tana matsawa. Bayan haka a zana kowane abu a shafinsa: gonaki daban, daji daban, garuruwa daban, burtali da mashaya daban. Sai a kwatanta shekara da shekara, a auna hekta nawa ta fita daga wannan ta shiga wancan.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi girma, kuma shi aka fi tsallakewa. A buga taswirar da girma, a kai ta ƙofar gidan dagaci, a shimfiɗa a kan tabarma, a kira tsofaffin manoma da ardo da tsohon malamin daji da mahauta da mafarauta. A kira mata tsofaffi, domin su suka san inda ake ɗebo ruwa da itace da ganyen miya, su suka san rijiyar da ta ƙafe da shekarar da ta ƙafe. In tsaro ya ba da hali, a taka a je wurin. Kuka tsofaffi a cunkushe cikin daji, ramukan marina, kashin tama, tsohuwar maƙabarta, fasassun tukwane, duk shaidar kufai ce. Layin gamba ko jema ko aduruku shaidar iyakar gona ce. Gani ya kori ji, amma a wannan aiki sai an haɗa gani da ji.

Inda taswira take yin shiru

Wajibi ne in ja kunne, domin taswira aikin ɗan Adam ce, kuma kowane mai zane yana da abin da ya kai shi. Barth ya zana abin da ya gani daga kan doki a hanya ɗaya. Abin da ke nesa da hanyar, ji ya yi. Di'o ya zana masu biyan haraji, saboda haka gidan da ke zaune ya shiga, rugar da ke tashi da kaka ta tafi cin rani ba ta shiga ba. Farin fili a tsohuwar taswira ba ya nufin babu mai shi. Sau da yawa makiyaya ce, ko saurar da aka bari ta huta. Wanda ya karanta farin fili a matsayin ƙasar da ba ta da mai ita, ya zalunci makiyayi tun kafin a fara shari'a.

Akwai kuma iyakar ma'auni. Burtali mai faɗin mita 30, a taswirar 1:50,000, bai kai milimita 1 ba, sau da yawa ma ba a zana shi. A hoton Landsat, ɗigo ɗaya mita 30 ne, don haka burtalin yana iya ɓacewa gaba ɗaya. Hotunan jirgi kuwa galibi da rani ake ɗaukar su, lokacin da babu gajimare, kuma in aka kwatanta hoton rani da na damina sai a yi ƙaryar cewa daji ya ƙare ko ya dawo. Sunayen garuruwa ma Bature ya rubuta su yadda kunnensa ya ji, wasu ƙauyukan kuma sun tashi da sunansu sun koma bakin titi, saboda haka sai an tabbatar da wace Ruma ko wace Runka ake nufi, tsohuwa ko sabuwa.

Darasi daga maƙwabta

Wannan hanya ta riga ta gyara kurakurai manya a wasu wurare. A Kissidougou ta ƙasar Gini, hukumomi sun daɗe suna cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyuka ragowar babban daji ne da manoma suka cinye. James Fairhead da Melissa Leach suka kwatanta hotunan jirgi na 1952 da na zamaninsu, suka haɗa da bakin dattawa, suka nuna a littafinsu na 1996 cewa mutanen ƙauyukan ne suka raini kurmin, kuma a wurare da dama ƙaruwa ya yi.

Misali mafi kusa yana Maraɗi. Bayan farin 1984, manoman yankin suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a rene shi maimakon a sare. Da masana suka ɗora hotunan jirgi na 1975 a kan na tauraro na wajen 2005, suka tarar itatuwan gona sun ninka a ƙauyuka da yawa, har aka ƙiyasta cewa fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo a kudancin Nijar. Mutanen da suka yi wannan 'yan uwanmu ne, harshenmu ɗaya, ruwan samansu bai kai namu ba. Taswira ta nuna cewa yawan jama'a ba dole ne ya zama mutuwar itace ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa

Ƙidayar 2006 ta ba Batsari sama da mutum 200,000, Safana sama da 180,000, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Garma da taki da noman rogo, wanda Batsari ta yi suna a kansa, sun sa gona ta daina hutawa. Farin 1973 da na 1984 sun turo mutane da dabbobi daga arewa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa rabon fili ya koma hannun gwamna da ƙaramar hukuma. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna. Talaka ya sami sauƙi, amma ƙirgar shekara-shekara da ke haɗa ardo da hakimi ta tsaya, ba a kuwa kawo wani abu a madadinta ba. A cikin waɗannan shekaru aka yi ta yankan gandu da makiyaya ana mayar da su gonaki, wasu da takarda, wasu babu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba na cewa rigimar ƙasa ita kaɗai ta haifi ta'addancin 'yan bindiga. Akwai satar shanu, da kwararowar makamai, da zaluncin da ba a hukunta ba, da son zuciya tsagwaronsa. Babu wata taswira da za ta wanke wanda ya kashe manoma a 'Yar Gamji a 2019, ko wanda ya ƙona Tsauwa da Ɗankar a watan Fabrairun 2020, ko wanda ya kora ɗaliban Ƙanƙara cikin daji a watan Disamban 2020. Amma duk zaman sulhun da aka yi, tun daga na zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, maganar burtali da mashaya da makiyaya takan taso, kuma akan tashi a kan alkawarin baki. Alkawarin da ba a san iyakarsa a ƙasa ba, damina ɗaya take rushe shi.

Ga kuma waɗanda suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari da Safana da Dutsin-ma da Katsina. Gonar da ta shekara biyar ba a noma ta ba, iyakarta ta fara ɓacewa. Ranar da za a koma, in ba a rubuta ba, marayu da zawarawa su ne za su fara rasa nasu. Abin da ya faru a zamanin Siddiku ya isa wa'azi: garuruwa sun watse, daji ya rufe su, yau sunayen wasunsu ma sai a littafin baƙo.

Kammalawa da kira

Ina kira ga Gwamnatin Jihar Katsina, ta hannun ofishin babban jami'in safiyo da ma'aikatun daji da dabbobi da Hukumar Tarihi da Al'adu, da ta tattaro duk taswira da takardar keɓe gandu da makiyaya da ta shafi wannan yanki, daga Kaduna da Abuja da duk inda suke, a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da fadar kowane hakimi, inda talaka zai iya gani ba tare da ya biya ba.

Ina kira ga malaman tarihi da na labarin ƙasa a jami'o'inmu da su haɗa ɗalibansu aiki ɗaya, kowane ɗalibi ya ɗauki ƙasar dagaci ɗaya, a rubuta sakamakon da Hausa da Fulfulde, a mayar wa mutanen da aka ɗauko labarin daga bakinsu. Kada a tura ɗalibi inda rayuwarsa za ta shiga haɗari, kada kuma a wallafa bayanin da zai nuna wa azzalumi hanyar gidan wani.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya, ku ne masu kiran dattawa su amsa. Ku sa a zauna da su tun yanzu, manomi da makiyayi a tabarma ɗaya, a rubuta sunan kowane kufai da rijiya da burtali. Kada a mayar da tsohuwar taswira makamin korar wanda ya shekara arba'in yana noma wuri. A mayar da ita mafarin magana, a san abin da aka rasa, a yarda da abin da za a iya maidowa, a sa turke, kowa ya sa hannu.

Takardun nan suna rubewa, dattawan nan suna tafiya, kuma babu ɗayansu da zai jira mu. Mu fara aikin a wannan rani.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa da garkensa.